Wace Manhaja Ce Ta Dace da Sabar Aika Imel?

Assalamu alaikum jama'a. A ce kuna da shago a intanet, kuna so duk wanda ya saya rasit ya iske shi a imel nan take, wanda ya manta kalmar sirri kuma a turo masa hanyar sabunta ta, ba tare da wani ya zauna yana danne-danne ba. Kafin a kai ga sunan manhajar da za ku ɗora a saba, wato kwamfutar da za ta riƙa aika muku imel ɗin, ku fara tsayar da magana ɗaya: aikawa kawai za ku riƙa yi, ko har da karɓa?

In aikawa ce kawai, Postfix ya ishe ku. Wietse Venema ne ya rubuta shi a kamfanin IBM, aka fito da shi a 1998 domin a huta da Sendmail, tsohon tsarin aika imel wanda saita shi ke sa ƙwararru ma gumi. Ba ya cin ƙarfin na'ura, kuma idan sabar da ake aika wa ba ta amsa ba, zai riƙe saƙon ya yi ta gwadawa har kwana 5. Akwai kuma Exim, na Jami'ar Cambridge tun 1995, wanda Debian, wani nau'in babbar manhajar Linux, ke zuwa da shi. Yana aiki sarai, amma ga sabon shiga ni dai Postfix zan ce.

In har da karɓa ne, to aiki ya ƙaru. Sai kun haɗa da Dovecot domin ma'aikata su buɗe akwatinsu a waya, da Rspamd mai tace saƙonnin banza. Wanda ba ya son haɗa su ɗaya-ɗaya sai ya ɗauki Mailcow, wanda ke gudana a kan Docker (manhajar da ke gudanar da wasu manhajoji a keɓe) amma yana son RAM kamar gigabait 6, ko Mail-in-a-Box, da ake ɗorawa a sabuwar saba mai Linux nau'in Ubuntu.

To ga inda mutane ke faɗawa rami. Ka girka komai daidai, saƙo ya tashi, Gmail kuma ya jefa shi cikin shara. Dalili? Ba a san ka ba. Kamar baƙo ne a kasuwa yana neman bashi ba tare da mai tsaya masa ba. Masu tsaya maka a nan uku ne. SPF yana faɗin sabobin da ka yarda su aika da sunan yankinka, wato abin da ke bayan alamar @ a adireshin imel ɗinka. DKIM yana sa hannu a kan kowane saƙo. DMARC yana gaya wa mai karɓa abin da zai yi idan shaidar ta gaza. Tun Fabrairun 2024, Gmail ya wajabta duka ukun ga mai aiko masa saƙo 5,000 a rana, kuma ƙorafin masu karɓa kada ya kai kashi 0.3 cikin 100.

Kafin ku biya kuɗin hayar saba, ku tambaya ko ƙofa ta 25, wato hanyar da sabobi ke miƙa wa juna imel, a buɗe take, domin Google Cloud yana toshe ta, AWS kuma sai ka nemi izini. Ku duba ko za su ba ku rikodin PTR, mai haɗa lambar IP (adireshin sabar a intanet) da sunan sabar, ku kuma bincika lambar IP ɗin a Spamhaus, mai ajiye jerin lambobin da aka sani da aika saƙonnin banza, don wataƙila wanda ya riƙe ta kafin ku ya ɓata mata suna. Batun ajiye saba a gida kuwa a bar shi, ga ɗauke wuta, ga lambar IP mai sauyawa.

Idan ƙofa ta 25 a rufe take, ku bar Postfix ya miƙa saƙonninku ga Amazon SES, sabis ɗin aika imel na Amazon, ta ƙofa ta 587. Daga nan ku aika wa kanku gwaji a Gmail, ku buɗe asalin saƙon, ku ga ko an rubuta PASS a gaban SPF da DKIM da DMARC.