Yadda karatun digirin farko yake a Amurka: lacca ga ɗalibai da iyaye a Samaru

An gabatar da wannan lacca a wani zauren taro a Samaru, Zariya, ga ɗaliban da suka gama sakandare tare da iyayensu. An rubuto ta daga abin da aka naɗa, an rage gaishe-gaishe da maimaici.

Assalamu alaikum warahmatullah. Iyayenmu maza da mata, malamai, ƙannena ɗalibai, barkanmu da yamma.

Duk wanda ya tashi a garin nan ya san tsarin jami'a irin namu. Yaro ya cike JAMB, ya zaɓi kwas, in ABU ta ɗauke shi sashensa ne zai miƙa masa jerin darussan da zai yi tun daga aji ɗaya har ya fita. A Amurka babu JAMB, kowace makaranta ita ke ɗaukar ɗalibanta da kanta. Kuma abin da na fi so ku riƙe yau shi ne, a can ɗalibi ne yake haɗa digirinsa da hannunsa, shi ke riƙe da lissafin. Yaranmu ba su rasa ƙwaƙwalwa ba, a wannan lissafin ne suka fi yin tuntuɓe.

Mu fara da kiredit. Digirin farko shekara huɗu ne, kuma yawanci ana buƙatar kiredit kusan 120. Kiredit ɗaya yana nufin awa ɗaya a aji kowane mako, da kamar awa biyu na karatu a ɗaki. Darussa da yawa kiredit 3 ne, masu ɗakin gwaji sukan kai 4. Shekarar karatu zango biyu ce a mafi yawan makarantu: na farko daga ƙarshen Agusta zuwa Disamba, na biyu daga Janairu zuwa Mayu, kowanne kusan mako 15. To ku raba 120 gida takwas, za ku ga 15 ke nan a kowane zango, wato darasi biyar. Kamar zubin adashi ne, sai ka cika zubinka kake kwasa.

Ga inda ake ruɗewa. Dokar bizar ɗalibi, wadda ake kira F-1, ta ce mai digirin farko kada ya yi ƙasa da kiredit 12 a zango. Sai yaro ya ji 12 ya ɗauka shi ne ma'auni, ya riƙa ɗaukar darasi huɗu kawai don ya samu sauƙi. Ku ninka 12 sau takwas, 96 ne. Saura 24, wato zango biyu cur, kuɗin shekara guda ke nan da ba a shirya masa ba, kuma tallafin karatu da yawa zango takwas kawai suke biya. Sannan a cikin 12 ɗin nan, darasi ɗaya tak na intanet ake ƙirgawa, sauran dole a zauna a aji.

Wannan 120 ɗin an kasa shi ne. Akwai kason ilimin gama-gari, wanda kowa sai ya yi komai fanninsa: rubutun Turanci, lissafi, kimiyya, tarihi ko falsafa da makamantansu. Ya yi kama da darussan GENS da ake yi a nan, sai dai nasu ya fi yawa sosai, kuma makinsa yana shiga sakamako daidai da kowane darasi. Akwai babban fanni, wanda shi ne ainihin kwas ɗin da ɗalibi yake karantawa. Abin da ya rage kuma zaɓi ne, ɗalibi ya ɗauki abin da ransa yake so ko ya tara su su zama ƙaramin fanni. Mai karanta kwamfuta yana iya haɗawa da tattalin arziki, babu mai hana shi.

A makarantu da yawa ba sai ka yanke fanni tun ranar shiga ba, ana ba ka zuwa ƙarshen shekara ta biyu. A ganina wannan yana cikin mafi alherin tsarin, domin ɗan shekara 17 bai gama sanin kansa ba. Amma akwai sharaɗi. Injiniyanci da aikin jinya da wasu fannonin kimiyya darussansu a jere suke, wani sai an ci wani ake shigarsa. Ba za ka zauna a lissafi na biyu ba sai ka ci na farko, kuma wani darasin sau ɗaya ake koyar da shi a shekara. Wanda ya faɗi a zangon farko, ko ya makara wajen rajista gurbi ya cika, sai ya jira baɗi, duk abin da ke bayansa ma ya ja baya. Saboda haka ake ba kowane ɗalibi malami mai ba shi shawara. A je wajensa kafin a buɗe rajista, a zauna a zana zango takwas ɗin a takarda ɗaya tun shekarar farko.

Yanzu maki. A nan gida wanda ya samu 70 ya ci A, kuma ma'auninmu 5 ne. A can ma'aunin 4 ne: A maki 4, B 3, C 2, D 1, F babu komai. Kuma A yawanci daga 90 take farawa, B daga 80, C daga 70. Ku ji da kyau, 70 ɗin da ake yi wa barka a Samaru, a can C ce.

Bari mu yi lissafi tare. Yaro ya ɗauki darasi biyar, kowanne kiredit 3. Ya samu A ɗaya, B biyu, C ɗaya, F ɗaya. A ninka makin kowane darasi da kiredit 3 ɗinsa: A ta ba shi 12, B biyun 18, C 6, F sifili. Jimilla 36, a raba da kiredit 15, matsakaicin makinsa da ake kira GPA ya zama 2.4. To da ya lura da wuri cewa darasin nan na biyar ya fi ƙarfinsa, ya janye kafin ranar da aka ƙayyade, da W za a rubuta masa, ita kuwa W ba ta shiga lissafi. Sai a raba 36 da 12, ya tashi da 3.0. Tsakanin 2.4 da 3.0 ne tallafin karatu yake tsayawa ko ya tafi, domin da yawa suna sharɗanta 3.0. Wanda ya sauka ƙasa da 2.0 kuwa a mafi yawan makarantu gargaɗi za a ba shi, in bai gyara ba a sallame shi. Ku kuma lura, janyewar nan ta yiwu ne saboda ya fara da 15, ya sauka 12. Da da 12 ya fara, janye darasi ɗaya zai kai shi 9, ya karya dokar biza. Dalili na biyu ke nan da ya sa nake nanata 15.

Ta ina makin yake fitowa? Mu a nan jarrabawar ƙarshe ce ke ɗauke da kaso 60 ko 70, shi ya sa ɗakunan karatu suke cika da dare in ta matso. A can ranar farko malami zai raba takardar da ake kira silabus, a ciki ya rubuta yadda ya kasa makinsa da ranar kowane aiki. Misali yana iya cewa aikin gida 20, ƙananan gwaje-gwaje 15, jarrabawar tsakiyar zango guda biyu 30, magana a aji 10, ta ƙarshe 25. Wanda ya yi sakaci da makonni biyar na farko yana cewa zai rama a ƙarshe, ya riga ya zubar da makin da ba zai dawo ba.

Zan ɗan tsaya a kan magana a aji, don ta shafi tarbiyyarmu. Mun koya wa 'ya'yanmu sunkuyar da kai gaban malami da yin shiru, kuma ladabi ne mai kyau, kada a yar da shi. Amma malamin can in ya ga shiru, ɗauka yake ba a yi karatun ba. Ana iya tambaya cikin ladabi, ana iya saɓa wa ra'ayin malami cikin ladabi. Kowane malami kuma yana da awoyin da ya ware a mako yana zaune a ofis don ɗalibai kawai. Zuwa wajensa ba roƙon maki ba ne, cikin kuɗin da aka biya yake, kuma daga nan ake samun wanda zai rubuta maka takardar shaida gobe.

Sai satar rubutu, wadda ita ta fi saurin halaka ɗalibi. Kwafo jimla daga littafi ko intanet ba tare da faɗin inda aka ɗauko ba laifi ne. Ba wa aboki aikinka ya duba ya kwafa laifi ne a kanku duka biyu, ko da niyyar taimako ce. Amfani da manhajojin da ke rubuta wa mutum aiki, kowane malami da dokarsa, tana cikin silabus. Hukuncin yana farawa daga sifili a aikin, zuwa F a darasin, zuwa kora.

Maganar kuɗi a taƙaice. Kada a kalli kuɗin makaranta kaɗai, a nemi jimillar shekara: karatu, ɗaki, abinci, littattafai da inshorar lafiya. Jami'o'in gwamnatocin jihohi suna cajin baƙo fiye da ɗan jiha, kuɗin karatu kaɗai yakan kai dala dubu 30 a shekara, manyan masu zaman kansu kuwa jimillarsu ta haura dubu 80. Sai dai masu tsadar nan ne suka fi ba da tallafi. Harvard, Yale, Princeton, MIT da Amherst suna cikin ƙalilan da ba sa duba aljihun baƙo wajen ɗauka, amma shigarsu akwai wuya ƙwarai. Akwai kuma kwalejojin shekara biyu masu sauƙin kuɗi, inda ake tara kiredit kusan 60 a wuce jami'a a ƙarasa. Hanya ce mai kyau, da sharaɗin a tabbatar tun farko jami'ar da ake nufi za ta karɓi darussan, in ba haka ba a yi asarar zango guda ko fiye. Aiki kuma, awa 20 a mako a cikin makaranta doka ta yarda lokacin karatu. Zai sayi sabulu da katin waya, ba zai biya kuɗin makaranta ba, kuma aiki a waje ba da izini ba yana soke zaman mutum.

Nema ana fara shi shekara guda kafin tafiya. Fom ɗin Common App, wanda makarantu da yawa ke karɓa, yana buɗewa 1 ga Agusta, wa'adin masu nema da wuri yakan cika farkon Nuwamba, na saura farkon Janairu. Za a nemi sakamakon SS1 zuwa SS3, WAEC ko NECO, takardun shaida daga malamai, da rubutu game da kai wanda bai wuce kalma 650 ba. Wasu suna neman sakamakon jarrabawar SAT. Ofishin EducationUSA na gwamnatin Amurka a Abuja da Legas yana ba da shawara, a fara da su kafin a miƙa wa wani dillali kuɗi. Dokokin biza ga 'yan Najeriya kuma sun canza fiye da sau ɗaya a 2025, don haka a duba sanarwar ofishin jakadancinsu kafin a biya ko sisi.

Tambaya daga wani dattijo: Malam, ɗana likita yake so ya zama. Shekara nawa zai yi?

Alhaji, Allah ya ƙara girma, gara da ka yi wannan tambayar. A nan yaro daga sakandare yake shiga MBBS, shekara shida, ya ƙarasa a asibitin koyarwa na Shika. A Amurka likitanci ba digirin farko ba ne. Sai ya gama shekara huɗun nan, da darussan bayoloji da kemistiri da fizis, ya rubuta jarrabawar MCAT, sannan ya nemi makarantar likitanci ya ƙara huɗu. Takwas ke nan kafin horon ƙwarewa. Kuma kaɗan ne daga makarantun likitancinsu ke ɗaukar baƙi, tallafi ga baƙo ya fi haka ƙaranci. Lauya ma haka, shekara uku bayan digirin farko, in ya dawo kuma sai ya bi ta makarantar horar da lauyoyi tamu. Shawarata, in likitanci ne burin, ya yi shi a nan, ya nemi ƙwarewa a waje daga baya.

Tambaya daga wata uwa: In rashin lafiya ta kama yarinya, ko aka yi rasuwa a gida tsakiyar zango, yaya za ta yi?

Hajiya, abu na farko kada ta daina zuwa aji ta yi shiru, kada kuma ta sayi tikiti ta taho. Kowace makarantar da ke ɗaukar baƙi tana da jami'i a ofishin ɗaliban ƙasashen waje, ana ce masa DSO, shi ke kula da takardarta ta I-20, wato takardar makaranta da ke tabbatar da zamanta na ɗaliba. Wajensa za ta fara zuwa. In rashin lafiya ce, da takardar likita yana iya ba ta izinin rage kiredit ƙasa da 12, har tsawon wata 12 a jimlace, amma izinin sai ya zo kafin ta janye darasin, ba bayansa ba. In rasuwa ce kuma zango ya kusa ƙarewa, ta rubuta wa malamanta ta nemi a sa mata alamar I, wato aiki bai kammala ba, a ba ta wa'adin ƙarasawa. Ta riƙe ranar wa'adin nan da kyau, domin a makarantu da yawa in ta wuce, I ɗin komawa F take yi. Kafin ta hau jirgi kuma, ta tabbatar jami'in ya sa hannun tafiya a I-20 ɗinta, ta duba bizar da ke fasfonta ko za ta ba ta damar sake shiga. In bizar ta ƙare ko ta shiga ɗaya ce, sai ta nemi sabuwa a Abuja ko Legas kafin ta koma, don haka ta binciki ko dokokin biza na lokacin za su ba ta damar samun sabuwar, ta kuma lissafa jinkirin, tun kafin ta baro makaranta.