Wusasa: ƙaramar unguwa, manyan mutane

Habu: Jama'a assalamu alaikum, barkanmu da sake haɗuwa. Yau ba nisa za mu yi ba, Wusasa za mu leƙa, can gindin dutsen Kufena a bayan birnin Zariya. Ina tare da Anti Ladi wadda a can aka yanke mata cibiya, ga kuma Malam Sani ɗan cikin birni.

Sani: Ni fa Anti, mu mutanen Kwarbai in aka ce Wusasa asibiti kawai muka sani, an kai wance Wusasa haihuwa, an kwantar da wane a Wusasa, shikenan.

Ladi: Asibitin St. Luke kenan. To ai Malam shi asibitin biyo mishan ya yi. Likita Miller, baturen CMS, wato ƙungiyar mishan ta cocin Anglican, tun 1905 ya shigo Zariya zamanin Sarki Aliyu Ɗan Sidi, kuma ba Wusasa ya fara sauka ba, cikin birninku ya zauna, a Durumin Maigarke, yana ba da magani yana koyar da yara boko.

Sani: Cikin ganuwa? Kai!

Ladi: Ƙwarai kuwa, shekara ashirin da wani abu ma. Amma dai zaman bai yi wa masarauta daɗi ba, su ma turawan mulki ba sa son abin da zai haɗa su rigima da sarakuna, shi ne a 1929 aka kwashe mishan ɗin aka fitar da shi bayan gari, makaranta da wurin shan magani duk suka dawo Wusasa.

Habu: Ni abin da ya ɗaure min kai tsohon cocin nan ne, St. Bartholomew. Wallahi in ba a gaya maka ba sai ka ɗauka zauren wani basarake ka shiga.

Ladi: Ai maginan Hausawa ne suka yi shi. Ginin ƙasa ne, tubali da azara, ka ɗaga kai ka ga bakan gizo ya riƙe rufin, bango kauri guda, ko ana rana ta fasa kai ciki sanyi ƙalau. Kuma da Hausa ake ibada, don Miller ɗin nan yana cikin waɗanda suka fassara Littafi Mai Tsarki da aka buga a 1932. Shi ya sa nake jin haushi in na je Kano ana tambayata wai ya aka yi na iya Hausa haka, to da me zan yi magana? Kakana Bahaushe ne, ƴan uwansa Musulmi, har yau da salla su aiko mana nama, da Kirsimeti mu kai musu shinkafa.

Sani: To Janar Yakubu Gowon fa, tsohon shugaban ƙasa, shi ma Bazazzagi ne?

Ladi: A'a, asalinsa Angas ne daga Filato, aikin coci ya kawo mahaifinsa, amma a nan ya tashi, ya yi firamare a St. Bartholomew kafin ya wuce kwalejin Barewa. Ga Dokta R.A.B. Dikko, likita na farko ɗan Arewa. Ga Farfesa Ishaya Audu, nan ya yi karatu, shi ne ɗan ƙasa na farko da ya shugabanci ABU, wato Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru, daga 1966 zuwa 1975.

Habu: Dakata Anti, ai daidai shekarun da Gowon ya yi yana mulki kenan.

Ladi: Eh mana, ɗaya na Dodan Barak a Legas, ɗaya na Samaru, duk ƴan makaranta ɗaya.

Sani: Wato dai mu muka kore su, ku kuka ci ribar.

Habu: Malam kar ka ja mana faɗa da fada, lokaci ma ya ƙure. Sati mai zuwa Tudun Wada za mu shiga, mu ji labarin kamfanin Gaskiya.