Seto: Al'ummar da Iyaka Ta Raba da Kaburburan Iyayenta

Akwai wata siririyar hanya da ta ratsa daji. A kudu maso gabashin Estoniya take, kuma a da ita ce ke kai mutum wani ƙaramin ƙauye mai suna Saatse. Kusan kilomita 1 na hanyar nan cikin ƙasar Rasha yake. Wani yanki ne na Rasha ya kutso cikin Estoniya, siffarsa kamar takalmi sau-ciki, shi ya sa ake ce masa Takalmin Saatse. An daɗe ana bi ta nan ba tare da biza ba, amma da sharaɗi: a mota za ka wuce, kuma kada ka kuskura ka tsaya. A watan Oktoban 2025, da aka hangi mutane ɗauke da makamai daga ɓangaren Rasha a kan titin, Estoniya ta rufe shi.

Mutanen wannan yanki su ne Seto, ƙasarsu kuma Setomaa. Harshensu ɗan'uwan na Estoniya ne da na Finlan, ba ruwansa da Rashanci. Sai dai a addini Kiristocin Otodoks ne kamar Rashawa, alhali yawancin makwabtansu 'yan Estoniya ɗariƙar Luta suka gada. Don ba su saki al'adun kakanni ba, har laƙabi aka yi musu da "masu rabin imani".

Birninsu na asali shi ne Petseri, wanda Rashawa ke kira Pechory, inda akwai gidan sufaye da aka kafa cikin kogo a 1473. Yarjejeniyar Tartu ta 1920 ta bar birnin a hannun Estoniya. A ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu, Mosko ta mai da shi ɓangaren Rasha. A lokacin abin bai dami kowa sosai ba, tunda duk Tarayyar Sobiyat ce. Da Estoniya ta sake samun 'yanci a 1991, layin da ke kan takarda ya zama shinge, da masu gadi, da biza.

Nan ne abin ya fi taɓa ni. Basete bai ɗauki mamacinsa a matsayin wanda ya yi nisa ba. Ranar bikin coci, iyali kan je maƙabarta, a shimfiɗa kyalle a kan kabari, a jera burodi da cuku da sauran abinci, a zauna a ci, a miƙa wa mai wucewa. A ƙauyen Obinitsa ana yin haka duk 19 ga Agusta. To, yaya tsohuwar da kabarin mahaifiyarta ya faɗa ɗaya gefen shinge za ta yi?

Yanzu mu koma ga waƙarsu ta gargajiya. Leelo ke nan. Babu ganga, babu goge, muryoyi ne zalla. Zabiya ta jefa baiti, tun ba ta rufe baki ba 'yan amshi sun cafe, sai wata murya guda siririya, da suke kira killõ, ta haye saman sauran. Gwanar zabiya nan take take ƙirƙirar baitocinta, wadda ta shahara kuma sai a kira ta "uwar waƙa". A ƙirjin matan kuwa akwai wani ƙaton faifan azurfa mai tsini, wanda adon matar aure ne, ga sarƙoƙi suna ƙara duk inda ta motsa. A 2009 UNESCO ta sanya leelo cikin gadon al'adun duniya.

Tun 1994, duk Asabar ɗin farko ta Agusta, Setawa na taruwa don Ranar Masarautar Seto. A zaɓi gwanin waƙa, a zaɓi gwanar girki, sannan a zaɓi shugaba na shekara guda: kowa ya je ya tsaya a layi gaban wanda yake so, a ƙirga. Amma ba a ce masa sarki. Wakili ne kawai. Sarkin, a tatsuniyarsu, shi ne Peko, kuma yana nan yana barci a cikin kogon Petseri, can ɗaya gefen iyaka.