Ciwon da ke zuwa ya tafi: lacca kan maltiful siklerosis a jikin yara

Wata likitar yara ce ta gabatar da wannan lacca a Kaduna, gaban ma'aikatan lafiya na unguwanni da malaman makaranta da wasu iyaye. An rubuto ta daga abin da aka naɗa, an rage gaishe-gaishe da maimaici.

Assalamu alaikum. Iyayena, malamai, abokan aiki, sannunku da fitowa cikin wannan zafi. Zafin ma zai shigo maganarmu an jima.

Da nake shigowa na ji wani bawan Allah yana cewa yau laccar sikila za a yi. A'a, a kunne kawai sunan ya yi kama. Namu na yau sunansa maltiful siklerosis, likitoci kan ce MS. Sikila ciwon jini ne, wannan kuwa na ƙwaƙwalwa ne da laka da jijiyar gani. Kun san Hausa, hanyar jini jijiya, agara jijiya, mai kai saƙo daga ƙwaƙwalwa ma jijiya. Ta ƙarshen nake nufi.

Wannan jijiya tana da riga mai suna mayalin, kamar robar jikin wayar wuta. A MS garkuwar jiki ce ke rikicewa ta far wa rigar, ta ɓare ta nan da can, sai saƙo ya yi nawa ko ya tsaya cak. In kumburin ya lafa jiki ya yi faci, tabo ya saura. Ma'anar sunan ke nan, tabo da yawa. Wani likitan Faransa, Charcot, shi ya fayyace ciwon a Faris a 1868. Ƙididdigar 2020 ta ce mutum miliyan 2.8 ke da shi a duniya, kuma ya fi yawa a Turai da Arewacin Amurka. Wajen 3 zuwa 5 cikin 100 yana fara musu ne kafin shekara 18, ƙasa da shekara 10 kuwa da wuya ƙwarai. Kafin balaga maza da mata kusan kunnen doki suke, bayanta mata su yi rinjaye.

A ƙasarmu ba shi da yawa, wannan gaskiya ne. Amma mu an koya mana shi ne kamar ciwon Turawa zalla, har muka daina tambayar da za ta tona shi. Ni kaina na faɗa wannan rami.

An taɓa kawo mini wata yarinya 'yar shekara 14. Ƙafarta ta hagu ta yi nauyi cikin kwana huɗu, ta ce ji take kamar ta sa safa mai kauri har gwiwa. Silifas ya fice mata a hanya ba ta sani ba. Fitsari na kufce mata, abin da ya fi damun ta ke nan, da ƙyar ta faɗa. In ta sunkuyar da kai za ta yi karatu, sai ta ji abu kamar wutar lantarki ya zarce daga wuya zuwa gadon baya. Na duƙufa neman tarin fuka na ƙashin baya, hoto bai nuna komai ba. Rana ta uku kakarta, da ke zaune kan tabarma gefen gado, ta ce, "Likita, 'yar nan, ko idon nan na bara yana da haɗi da wannan?" Na ce wane ido, Hajiya? Ashe wata takwas kafin nan idonta na dama ya dushe cikin kwana uku, yana mata zafi in ta juya shi, jan mayafin yayarta ma ta riƙa ganin sa kamar ya koɗe. Aka sayo maganin ɗigawa a kemis, aka haɗa da tofi, bayan mako biyar ido ya washe. Kowa ya ce magani ya ci, aka manta.

Nan ne ciwon ke yaudarar mu. Fiye da kashi 95 cikin 100 na yara masu MS irin mai tashi ya lafa suke da shi. Yana tasar musu fiye da yadda yake tasar wa manya, amma sun fi manya saurin murmurewa. Saboda haka duk maganin da aka ba da na ƙarshe shi ke kwashe yabo, na kemis ne ko na gargajiya ko nawa, ciwon kuwa yana nan yana tara tabo.

Ido ɗaya mai dushewa da zafi, da dindiris ko raunin gaɓa, su ne suka fi zuwa. Akwai ganin abu bibbiyu, da jiri, da tangaɗi kamar na mai maye, da rawar hannu in za a kai cokali baki. Sai zafin garin da na ambata da farko. A Maris da Afrilu na Kaduna, ko bayan wanka da ruwan zafi, ko zama gaban murhu, tsohuwar alama kan dawo na ɗan lokaci, in jiki ya huce ta tafi. Wannan ba sabon tashi ba ne. Abin da muke kira tashi shi ne alamar da ta kai aƙalla awa 24 ba tare da zazzaɓi ba, kuma sai an sami kwana 30 tsakani muke ƙirga na biyu daban.

Malamai, ga naku. Wajen kashi ɗaya cikin uku na waɗannan yara kan sami matsalar riƙe karatu da saurin fahimta, ga gajiya mai tsanani ko da sun yi barci. Yarinyar da ke ta uku a aji ta koma ta talatin, ana ce mata malalaciya. Kafin bulala, a tambayi gida.

Babu gwaji guda da ke cewa ga MS. Muna bin ƙa'idojin McDonald, da aka fitar a 2001 aka yi ta gyara su, na baya-bayan nan a 2024. Asalinsu abu biyu ne: ɓarna a wurare daban, a lokuta daban. Ido bara, laka bana, ka ga yarinyata ta cika duka biyun da bakin kakarta. Hoton MRI na ƙwaƙwalwa da laka shi ke nuna tabon, CT bai cika kama shi ba, kada a kashe kuɗi a can a ce an gama. In an yi allurar gadoliniyam kafin hoton, sabon tabo yana haske, tsoho ba ya yi, sai hoto ɗaya ya nuna tsohuwar ɓarna da sabuwa. Sannan ɗiban ruwan baya. Na san tsoron da ake yi, tun zamanin annobar sanƙarau ake cewa shi ke gurgunta yaro. Sanƙarau ɗin ne ya yi ɓarnar. Allurar ana sa ta ne ƙasa da inda laka ta ƙare, abin da muke nema a ruwan kuwa wasu sunadaran garkuwa ne da babu irinsu a jinin yaron.

Duk da haka ba na son ku fita nan kuna ganin MS a kowane yaro. Wanda sikila ta shanye wa ɓarin jiki, cikin mintoci abin ke faruwa, MS kuwa a hankali yake hawa, awanni zuwa kwanaki. Tarin fukan ƙashin baya yana zuwa da ciwon baya da rama da zufar dare. Tsargiya kan kai ga laka a yaran da ke wanka a rafi. Duk yaron da bai kai 15 ba, gaɓarsa ta saki farat ɗaya, a kai rahoto a ɗauki bayan gidansa saboda shan inna, ko da yake tun 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da asalin ƙwayar. Akwai kuma 'yan uwan MS na kusa. Wanda ake kira ADEM ya fi kama ƙanana bayan zazzaɓi, yaro ya rikice ya yi ta barci, galibi sau ɗaya ne ba ya dawowa. Wanda ake kira NMO yana cin jijiyar gani da laka da tsanani, ya fi yawa a baƙar fata idan aka kwatanta da Turawa, kuma tun 2004 aka gano gwajin jininsa. Wannan ya fi damu na, domin wasu magungunan MS ƙara tsananta shi suke yi. Shi ya sa ba na gaggawar laƙaba suna.

Wani dattijo ya yi tambaya: "Likita, gado ne? Kuma ana ɗauka?"

Baba, ba a ɗauka, a ci abinci kwano ɗaya da shi. Ba kuma gado ba ne irin na sikila, sai dai ɗan uwan mai shi haɗarinsa ya ɗan fi na sauran mutane. An danganta shi da ƙwayar cutar Epstein-Barr, wadda kusan kowa ya taɓa ɗauka, da ƙarancin bitamin D, da ƙiba lokacin tasowa, da hayaƙin sigarin da ake sha kusa da yaro. Ba a warkar da shi, amma ana kwantar da tashi da allurar sitiroyid ta kwana 3 zuwa 5, akwai kuma magungunan rage yawan tashin, ɗaya ma an amince da shi a Amurka tun 2018 ga 'yan shekara 10 zuwa sama.

Wata malama ta ce, "To mu da ba mu da na'ura, me za mu yi?"

Malama, littafin rubutu na 'yan makaranta ya ishe ki. Rubuta ranar da abin ya fara, wane ido ko wace ƙafa, kwana nawa ya yi, da zazzaɓi ko babu. Na ido a tura shi Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke nan Kaduna ko da ya fara washewa, littafin ya bi yaron. In uwa ba ta riƙe kwanan wata ba, ku tambaye ta da Salla ko damina. Kakar nan da na ce ta tuna mini lokacin idon, cewa ta yi mako biyu bayan ƙaramar Salla, ranar da aka yi ruwan farko, haka na rubuta a fayil.