Saura Daƙiƙa 0.6: Me Ya Sa Aka Busa Wa Auburn Laifi Bayan Ƙwallo Ta Bar Hannu?

Duk shekara idan watan Maris ya kama, aka fara gasar ƙwallon kwando ta jami'o'in Amurka, sai wani ɗan gajeren bidiyo na daƙiƙoƙin ƙarshe na wasan Virginia da Auburn ya sake fitowa a wayoyin mutane, gardama kuma ta tashi kamar jiya abin ya faru. Masu turo mana shi tambaya ɗaya suke yi. Suna cewa ƙwallo ta riga ta bar hannun mai jifa, ba ta kuma shiga kwando ba, to, da wace hujja alƙalin wasa ya busa usur ya ba shi jifa uku kyauta?

Wasan da kuke gani an yi shi ne ranar Asabar 6 ga Afrilu, 2019, a birnin Minneapolis, a gaban 'yan kallo fiye da 70,000. Gasar NCAA ce, hukumar da ke kula da wasannin jami'o'in Amurka, gasar da Amurkawa ke yi wa laƙabi da March Madness, wato haukan watan Maris. Ƙungiyoyi 68 ne suka shiga a wannan shekara, sili ɗaya ƙwale ake yi, kuma wannan wasan kusa da na ƙarshe ne. Masu fararen kaya su ne Jami'ar Virginia, waɗanda shekara ɗaya kafin nan suka sha kunyar da ba a taɓa sha ba a gasar maza, domin suna kan gaba a rukuninsu ƙungiya ta 16, wato ta ƙarshe a rukunin, Jami'ar UMBC, ta fitar da su da ci 74 da 54. Abokan karawarsu Jami'ar Auburn ce daga jihar Alabama, wadda ba ta taɓa kaiwa wannan mataki ba sai a wannan shekara, bayan ta kayar da Kansas da North Carolina da Kentucky a jere.

Za mu wuce minti 35 na farko da sauri, domin babu gardama a cikinsu. Virginia tana gaba da maki goma, 57 da 47, sai Auburn ta ci maki 14 a jere ta wuce gaba. Kyle Guy na Virginia ya jefa mai maki uku, ci ya koma 61 da 60. Jared Harper na Auburn ya sami jifa biyu kyauta, ya ci na farko ya ɓarar da na biyu. Ci 62 da 60 ke nan, Auburn na gaba, abin da ya rage a agogo bai kai daƙiƙa goma ba.

Yanzu ku dubi kusurwar fili ta hagu. Saura daƙiƙa 1.5 aka jefo wa Guy ƙwallo daga gefe, ya cafe, ya juya, ya yi tsalle. Wanda ya taso masa shi ne Samir Doughty. Ƙwallo ta tashi, ba ta shiga ba, ƙararrawar tashi ta yi ƙara, magoya bayan Auburn suka ɓarke da sowa. Da yawansu ba su ji usur ɗin alƙali James Breeding ba saboda hayaniya, har wasu a can garin Auburn suka fara murnar nasarar da ba a ba su ba.

Bari mu tsayar da hoton a nan, domin a nan ne ruɗanin yake.

Yawancinmu da ƙwallon ƙafa muka tashi, idonmu kuma ya saba bin ƙwallo duk inda ta nufa. Da zarar ta bar hannun Guy sai ido ya bi ta zuwa kwando, ya bar mutanen biyu a baya. Su kuwa alƙalan ƙwallon kwando, waɗanda su uku ne a fili, an horar da su ne a kan akasin haka. Wanda mai jifa yake ɓangarensa ba ya ɗaga kai ya bi ƙwallo, yana zuba wa mai jifa ido har sai ya sauko. Dalili kuwa shi ne, a dokar wasan, jifa ba ya ƙarewa a lokacin da ƙwallo ta rabu da yatsu. Ɗan wasan da ya yi tsalle ya saki ƙwallo yana nan a matsayin mai jifa muddin yana sama, kuma ba ya fita daga wannan matsayi sai ƙafarsa ta taɓa ƙasa. Duk wanda ya buge shi ba bisa ƙa'ida ba a tsakanin tashi da sauka ya yi wa mai jifa laifi ne, daidai da wanda ya doke masa hannu tun ƙwallon tana hannunsa.

To, ku sake kallo a hankali, amma wannan karon ku rufe saman hoton da tafin hannunku, ku dubi ƙugu zuwa ƙasa kawai. Ku lura da inda Doughty ya tashi, sannan ku lura da inda ya nufa. Bai tashi sama sak ba, gaba ya yi tsalle, ya shiga cikin wurin da Guy zai sauka, jikinsa kuma ya bugi ƙasan jikin Guy alhali ƙafafun Guy ba su taɓa ƙasa ba. Hannuwansa ba su yi laifin komai ba, shi ya sa duk wanda ya kalli saman hoton kaɗai zai rantse cewa an zalunce shi.

Akwai ƙa'ida ta biyu da ta haɗu da ta farko. Kowane ɗan wasa yana da haƙƙin sararin da ke saman inda yake tsaye, kamar a ce an kifa masa dogon bututu daga ƙasa zuwa rufin ɗaki. Mai tsaron gida yana iya tsalle iya ƙarfinsa a cikin nasa bututun, ya miƙe hannuwa sama, kuma idan mai jifa ne ya faɗo masa, ba shi da laifi. Amma da zarar ya fita daga nasa ya shiga na wani, alhakin duk wani karo yana wuyansa. Wannan ita ce ƙa'idar da J.D. Collins, mai kula da alƙalan wasan maza na NCAA a lokacin, ya kafa hujja da ita a bayanin da ya fitar a daren, inda ya nuna cewa ba a yarda mai tsaro ya tura ciki ko ƙasan jikinsa ya haddasa karo a wajen sararinsa ba.

Wani zai ce ai taɓawar ba ta da ƙarfi, kuma ba ita ta hana ƙwallon shiga ba. Mai yiwuwa haka ne, sai dai dokar ba don ƙwallon kaɗai aka yi ta ba. Mutumin da yake sama, idonsa na kan kwando, ba shi da ikon kauce wa abin da aka sa masa a ƙasa. Idan ya sauka a kan ƙafar wani, idon sawunsa ne zai gurɗe. Ban da wannan, da a ce an bar masu tsaro suna shiga ƙarƙashin masu jifa, da kowane mai jifa zai riƙa tunanin saukarsa tun kafin ya saki ƙwallo, kuma wannan fargabar ita kanta tana ɓata jifa. Don haka alƙali ba ya tambayar kansa ko ƙwallon za ta shiga. Abin da yake dubawa shi ne ko an bar wa mai jifa wurin sauka.

Tunda kuwa ƙafafun Guy suna bayan layin maki uku lokacin da ya tashi, kuma jifan bai shiga ba, hukuncin jifa uku ne kyauta. Agogo ya tsaya a daƙiƙa 0.6. Ya ci na farko, ya ci na biyu, aka yi kunnen doki. Kocin Auburn, Bruce Pearl, ya nemi hutun ɗan lokaci domin a bar yaron ya tsaya da tunaninsa ko zuciyarsa za ta karaya, dabarar da masu horarwa suka daɗe suna yi. Guy ya dawo ya ci na uku. An tashi 63 da 62.

A ganina hukuncin nan daidai ne, kuma na san wannan magana ba za ta yi wa wasu daɗi ba. Hujjar da aka fi kawowa ita ce wai a daƙiƙar ƙarshe ya kamata alƙali ya haɗiye usur ya bar 'yan wasa su raba gardama da kansu. Maganar tana da daɗin ji, amma alƙalin da ya ga laifi ya yi shiru shi ma ya yanke hukunci, sai dai ya yanke shi ne a kan ɗaya ɓangaren. Kundin dokokin bai ware wani babi na musamman ga daƙiƙa biyu na ƙarshe ba. Haka aka sake yin wannan gardama a 2023, lokacin da aka busa wa Ryan Nembhard na Creighton laifi saura daƙiƙa 1.2, San Diego State ta wuce da ci 57 da 56. Aka kuma maimaita ta a 2024 a gasar mata, inda aka kama Aaliyah Edwards ta Connecticut da laifin tare hanya ba bisa ƙa'ida ba saura daƙiƙa 3.9, Iowa ta yi nasara da 71 da 69. Abin dariyar shi ne, da yawa daga masu cewa a haɗiye usur a bana su ne za ka ji suna neman a busa a baɗi, idan ɗan wasansu ne a sama.

Sai dai magoya bayan Auburn suna da ƙorafi na gaskiya, kuma yana can baya kaɗan, a wurin da wannan bidiyo mai yawo ba ya nunawa. Mu koma baya da 'yan daƙiƙoƙi. Ga Ty Jerome na Virginia yana tafe da ƙwallo yana bubbuga ta a ƙasa. Ta bugi ƙafarsa ta kuɓuce. Wannan kaɗai ba laifi ba ne, yana iya bin ta ya ci gaba da bubbugawa da hannu ɗaya. Amma ku dubi hannuwansa: ya kama ta da hannu biyu, sannan ya sake bubbuga ta. Da zarar ɗan wasa ya riƙe ƙwallo da hannu biyu, bubbugawarsa ta ƙare, abin da ya rage masa shi ne ya miƙa wa wani ko ya jefa, sai fa idan abokin hamayya ne ya taɓa ta a tsakani, a nan kuwa babu wanda ya taɓa. Da an busa, da ƙwallo ta koma hannun Auburn tana gaba da maki biyu. Babu ko ɗaya cikin alƙalan uku da ya busa. Gene Steratore, tsohon alƙali mai yi wa tashar CBS sharhin dokoki, shi ne ya nuna wa masu kallo kuskuren bayan an tashi. Magoya bayan Virginia su ma suna da amsarsu, domin a cikin wannan gudun an ga Bryce Brown na Auburn ya ja rigar Jerome kafin ya kama ƙwallon, wanda shi ma laifi ne da aka bari ya wuce. Pearl dai, da ya zo gaban 'yan jarida, bai ɗora wa alƙalai alhakin faɗuwarsu ba.

Ga wanda ya saba da VAR a ƙwallon ƙafa, tambayar da za ta biyo baya ita ce me ya hana su zuwa su duba allo. Akwai allon maimaici a gefen fili, amma a 2019 an ƙayyade abubuwan da ake dubawa da shi, irin su: daidaiton agogo, ko jifa na maki biyu ne ko na uku, wanda ya kamata ya yi jifan kyauta, laifin mugunta, da kuma wanda ƙwallo ta taɓa ƙarshe kafin ta fita waje a cikin minti biyu na ƙarshe. Laifin karo na yau da kullum ba ya cikin jerin, sake bubbuga ƙwallo bayan an kama ta ma ba ya ciki. Ko da dukkan alƙalan sun ga kuskuren Jerome a babban allon filin, doka ba ta ba su ikon komawa su gyara ba.

Bayan kwana biyu, ranar 8 ga Afrilu, Virginia ta haɗu da Texas Tech a wasan ƙarshe, aka kuma ga ɗaya fuskar wannan allo. Ana cikin ƙarin lokaci, saura minti ɗaya da 'yan daƙiƙoƙi, De'Andre Hunter na Virginia ya doke ƙwallo daga hannun Davide Moretti ta fita waje, alƙalai suka ba Texas Tech, kamar yadda kowane alƙali zai yi da ido tsirara. Wannan kuwa yana cikin abubuwan da ake dubawa, don haka suka je allo. Ku dubi hoton da aka rage wa gudu: bayan hannun Hunter ya doke ta, ƙwallon ta shafi ƙaramin yatsan Moretti a hanyarta ta fita. Aka juya hukunci, aka ba Virginia ƙwallo, ta kuma ɗauki kofin karo na farko a tarihinta da ci 85 da 77.