Girman Turbo da Matsin Iska: Laccar da Aka Yi wa Makanikai

Assalamu alaikum. Shugaba, iyayen gidanmu, 'yan uwa makanikai, abubuwa uku zan faɗa.

Na farko, mai ba ya cin wuta sai da iska. Hayaƙin salansa ke juya farfela ɗaya ta turbo, ita kuma ta juya 'yar uwarta mai cusa iska cikin silinda. Tsohuwar dabara ce, tun 1905 Alfred Büchi, mutumin Suwizalan, ya yi rajistarta. Matsin iskar da muke shaƙa wajen bar 1 ne, wato psi 14.7 (bar da psi ma'aunan matsi ne). In turbo ya ƙara bar 1, a takarda iskar ta ninka. A takarda fa na ce!

Domin iska in an matse ta, zafi take yi, mai zafi kuwa ba ta da kauri. Ƙaramin turbo da babba duk su nuna psi 15 a agogo, amma ƙarfin ba ɗaya ba. Ƙaramin, in inji ya ɗau gudu, dafa iskar yake, ga hayaƙi ya rasa hanyar fita. Agogo matsi yake aunawa, ba yawan iska ba. Kai na baya can, ajiye wayar nan tukuna! (dariya) Matsi, ba yawa ba. Ku haɗa da zafin Kano a watan Afrilu, digiri 40, ga intakula, mai sanyaya iskar da turbo ya matse, ta toshe da ƙura, sannan mai mota ya zo yana cewa a ƙara masa matsi. Wanke intakular tukuna, Alhaji.

To babban ne ya fi? Ina! Ka taka totur za ka wuce tirela, shiru, sai inji ya hau sosai ƙarfin ya zo gaba ɗaya. Motar cikin gari ƙarami ya fi mata.

Na uku… au, na biyu ne? Ko ma na nawa ne, kada ku ɗaure ƙofar rage hayaƙi ta turbo, wadda ke hana matsi ya wuce kima. Injin fetur zai fara ƙwanƙwasa, fistin ya narke.

Tambaya: Oga, me ya sa motar dizal mai turbo ba ta kasala a hawan Jos?

Madalla! Jos tana sama da teku da wajen mita 1,200, iskar can ba kauri. Inji marar turbo shaƙewa yake, turbo kuwa ƙara gudu yake ya cike giɓin, sai ya ƙara zafi. Sandarsa tana juyawa fiye da sau 100,000 a minti, baƙin mai ke sanyaya ta. Ka gaya wa direbanka in ya isa, ya bar inji ya yi silo minti biyu kafin ya kashe. An kira salla ko? To, mu tashi.