Hirar Bakin Gada: Wane makami ne ya fi sauya yaƙi?

Bashir: Jama'a barkanmu da warhaka, daga nan Kaduna. Tun ranar da aka sa hotunan hawan daba a guruf ɗinmu ake ta musu, wai doki mai lifidi ko bindiga. Malam Tukur ya rantse yau sai ya raba gardama.

Tukur: Ai babu gardama. Mutane suna ta kawo takobi da mashi, ni kuwa abu ɗaya zan faɗa: bindigar Maxim. Hiram Maxim ya ƙera ta a 1884. Dabarar ita ce, bugun da bindiga take yi baya idan an harba, shi ya sa ya zama ma'aikaci. Bugun ne zai tofar da kwanson, ya jawo sabon harsashi daga ɗamarar zane mai cin 250, ya sake harbawa. Harsashi wajen 600 a minti ɗaya. Mai doki ya rufe kansa da lifidi da sulke da kwalkwali, kayan da tarihin Kano ya ce tun zamanin Sarki Kanajeji aka shigo da su. Kibiya ta makale a audugar lifidi, to. Harsashi fa?

Hadiza: Amma Malam, tun kafin Bature kibiya ta kayar da doki. Tabkin Kwatto, 1804. Sarkin Gobir Yunfa yana da dawakai, jama'ar Shehu mafi yawa 'yan baka ne a ƙasa, kuma Gobirawa ne suka watse.

Tukur: Na yarda, Hajiya, amma bari in ƙarasa. Omdurman ta Sudan, 1898, mutanen Khalifa, magajin Mahadi, sama da 10,000 suka kwanta a wuni guda, ɓangaren Ingila ba su rasa 50 ba. Shekara biyar bayan nan aka zo kanmu. Fabrairun 1903 Morland, kwamandan sojan Turawan Ingila, ya tsaya a bakin ganuwar Kano da sojan da bai kai dubu ba, ya fasa ƙofa da igwa. Ranar 15 ga Maris sai Sakkwato. Sukan tsaya ne sahu kusurwa huɗu, bindigogin a kusurwoyi, duk ta inda barde ya sukwano wuta ce. Kuma abin da ba a son faɗa, masu jan kunamar yawancinsu baƙaƙe ne, da yawa Hausa suke ji. Turawan 'yan tsiraru ne.

Bashir: Tsaya, bakin bindigar ba ya narkewa?

Tukur: Rigar ruwa aka yi masa. Idan harbi ya yi tsawo ruwan har tafasa yake.

Bashir: Ashe butar shayi ce.

Hadiza: Shi ke nan, an taɓo masa inda yake so.

Bashir: A'a, ku duba. Mai shayin bakin tashar Kawo minti ashirin yake yi yana fifita gawayi. Da ya samu wannan, kafin ka ce a sa madara an gama.

Tukur: Sai dai babu mai zama a bencinsa.

Bashir: Masu cin bashi za su biya ai. Har wanda ya ci tun azumin bara zai zo da kansa, da kuɗin ƙwai a hannu.

Hadiza: Kai ne na farko a layi, Bashir. Malam, ga tambayata: Satiru fa? 1906, talakawa da gatari da fartanya suka auka wa sojan doki na Turawa kusa da Sakkwato, suka kashe Turawa uku, har Maxim ɗin suka ƙwace. An riske su kafin su shirya ta.

Tukur: Wata guda ya yi? Suka dawo da ƙarin soja suka shafe garin. Wanda yake da masana'antar harsashi shi ke dawowa. Shi ya sa aka kafa DICON, masana'antar makamai ta Najeriya, a Kakuri nan Kaduna a 1964, da taimakon kamfanin Jamus, Fritz Werner, shekarar da aka buɗe NDA, makarantar horar da hafsoshin soja. Shi ya sa kuma AK-47 ta cika duniya: ƙura ba ta hana ta tashi, yaro ma zai kwance ta ya ɗaura. Har a tutar Mozambik take.

Hadiza: Ita ce kuma ta hana mu bin hanyar Birnin Gwari da kwanciyar rai. Ni abin da ya fi tsaya mini yanzu jirgi maras matuƙi ne. A nan garin aka ƙaddamar da Tsaigumi, jirgi maras matuƙi na sojan saman Najeriya, a 2018, muka yi ta tafi. Sai ga Tudun Biri a Disambar 2023, ana mauludi, wani jirgin soja maras matuƙi ya hallaka mutum sama da 80. Mai harbin ko ƙurar wurin bai shaƙa ba.

Tukur: Allah ya jiƙansu.

Bashir: Amin. Mun ce za mu jera makamai biyar mu ba su maki, ga shi ko igwar da ta fasa Kustantiniya, Istanbul ta yau, a 1453 ba mu taɓa ba, kuma batirin rakoda yana ja.

Tukur: Minti biyu kawai, zancen albarushi...

Bashir: Mako mai zuwa, Malam. Ku turo saƙonninku, sai mun ji ku.